Yadda Muka Ceci Shagon Garbutt

Ni ce na tara sa hannun mutum ɗari huɗu da goma sha biyu a kan Selwyn Garbutt. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, domin a Kelderwick ko na yi shiru akwai wanda zai faɗa muku, ya ƙara gishiri. Sunana Audrey Pickersgill. Shekara talatin da ɗaya ina koya wa 'ya'yan garin nan lissafi. Da na yi ritaya aka ɗora mini sakatariyar ƙungiyar kare tsohon gari, saboda ina da injin buga takarda da bakin da ba ya gajiya.

An haifi Selwyn a saman shagon ubansa, lamba tara a Titin Gada. Ban da shekara biyu da aka ɗebe shi aikin soja, bai taɓa kwana bakwai a jere a wajen titin nan ba. Shagon na kayan ƙarfe ne: ƙusoshi, kwaɗo, tarkon ɓera, igiya, fenti, kananzir. Bango guda ƙananan durowoyin katako ne, sun fi ɗari biyu, babu rubutu a jikin ko ɗaya. In ka zo da tsohon noti a tafin hannunka, Selwyn zai ɗaga shi sama ya duba, ya ce "Uhm," ya miƙa hannu baya ya jawo durowa ya ciro maka ɗan'uwansa. Guda ɗaya kake so, guda ɗaya zai sayar maka, ya naɗe a takarda. Kuma ba ya yabon kayansa. In na ɗauko gam mai tsada sai ya ce, "Wannan ba zai riƙe miki ba, Misis Pickersgill. Ɗauki na ƙasan." Dogo ne siriri, kullum cikin rigar aiki ruwan ƙasa, da fensir a bayan kunne. Ranar da ya yi magana ashirin, to ya sha hira.

Matarsa Hilda ce take yin maganar su biyu. 'Yar masunta ce daga bakin teku, ta zo garinmu tana kwandastar bas. Igiyar jakar tikitinta ce ta tsinke, ta shiga shagon, Selwyn ya gyara mata ya ƙi karɓar komai. Takan ce, "Sau shida na koma da abin da bai lalace ba kafin dogon nan ya gane inda na dosa." Kujerarta tana ƙarshen kanta, jikin babbar tagar gilashi, daga nan tana ganin titin tun daga gada har coci. Ba wanda zai wuce ba ta san inda za shi ba.

"Garbutt," haka take kiransa, da sunan gidansu, kamar sajan, "ga matar fasto can ta sake hula. Ɗago ka gani mana. Sai ka ce an kifa mata kwando."

Shi kuwa sai ya ce "Uhm," yana auna igiya. Ba su samu haihuwa ba. Ba mu taɓa jin ɗayansu ya ambaci zancen ba, mu ma ba mu tambaya ba. A garin nan ba a tambaya, kuma muna alfahari da hakan.

Shekara hamsin da uku suna haka. Sai wata safiya cikin Fabrairu Hilda ta faɗi a ɗakin girki a sama, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. 'Yan motar asibiti sun sha wuya kafin su sauko da ita, don matakalar gidan goma sha bakwai ce, ga ƙunci, ga lanƙwasa biyu. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi a wani gari, mil goma sha huɗu daga nan, bas biyu ake hawa. Selwyn ya koma rufe shago ƙarfe biyu na rana, ya tafi, ya dawo da bas ɗin yamma. In mun haɗu da shi mu ce, "Yaya Hilda?" Ya ce, "Da sauƙi, na gode." Mu ce, "Madalla, a gaishe ta." Shi ke nan mun sauke nauyi.

Titin Gada yana cikin yankin da hukuma ta keɓe saboda tarihi. Ko ƙyauren tagarka ba ka sake shi yadda ka ga dama, balle ka mai da shago wurin zama. Sai kwamitin tsara gari ya yarda. Ina cikin waɗanda suka yi faɗa aka tsaurara dokar, kuma da dalilina. A idona banki ya tafi, gidan waya ya tafi, mahauci ya rufe, mai sayar da littattafai ya rufe. Duk suka zama gidajen hutu da mutanen birni ke haya kwana uku, da ɗan akwatin makulli a jikin ƙofa. In hunturu ya zo rabin titin babu fitila a taga.

Saboda haka ranar da na ga takarda rawaya ɗaure a turken fitilar da ke gaban lamba tara, cikin watan Mayu, sai da na sa tabarau na karanta sau biyu. S. Garbutt yana neman izinin mai da shagonsa wurin zama. Mai ƙorafi yana da kwana ashirin da ɗaya. Na je ofishin tsara gari na duba fom ɗinsa. A gurbin dalili, da ɗan rubutunsa mai tsabta, ya sa "Dalilin gida." Na ce a raina, dillalai sun ga tsoho shi kaɗai sun shawo kansa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Taku goma sha biyar ne daga turken nan zuwa kantar Selwyn, amma ban shiga na tambaye shi ba. Yaya za ka tambayi mutumin da matarsa ke kwance abin da zai yi da gidansa? Ai rashin kunya ne. Buga takardu ɗari biyar masu cewa A CECI SHAGON GARBUTT kuwa, ban ga rashin kunya a ciki ba. To a ina ake sayen abin kafa su in ba wajensa ba?

"Ƙananan ƙusoshin nan nake so, Selwyn, na kafa takarda."

Takardun suna ƙarƙashin hammatata, sunansa da manyan baƙaƙe yana leƙe. Ya gani. Ya ɗan jima yana kallo.

"A katako ko a bango?"

"A katako. Allon coci da na ɗakin taro."

"To masu kan tagulla. Fararen tsatsa suke yi in an yi ruwa." Ya zuba mini a takarda ya naɗe. "Kamar ma za a yi shi da yamma."

"Haka na gani," na ce, na fita.

Gari ya tashi tsaye, kuma don ƙauna ne, wannan ba na ja. Wasiƙu suka yi ta shiga ofis: shagon kullum cike yake, shi ne zuciyar titin, in ya rufe mun shiga uku. Mutanen da suka shekara goma suna zuwa babban kantin bayan gari suka dawo suna sayen bokiti. Clive mai aski ya sayi tarkon ɓera shida, alhali ko ɓera ɗaya ba shi da shi.

A zaman kwamiti, cikin Yuli, kowane ɓangare minti uku ake ba shi. Na cinye nawa tas, sai da aka kaɗa mini ƙararrawa. Selwyn ya miƙe cikin kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, hula a hannu.

"Na gode wa duk wanda ya rubuta," ya ce. "Ban san ana ganin wurin haka ba. Na dai auna, zai isa." Ya zauna.

Shugaban kwamiti ya ce, "Mista Garbutt, kana da sauran minti biyu da rabi fa."

"Ba komai, a ba wani."

Aka ɗaga hannu, aka ƙi ba shi izini. Muka tafa. Har na je na riƙe hannunsa na ce wata rana zai gode mana.

Lahadin da ta biyo baya na toya kek na hau bas biyun nan. Wata biyar ban je ba, ina ce wa kaina kada a dame ta. Na tarar da ita a keken marasa lafiya, ta koma rabin yadda na san ta, bakinta ya karkace gefe. Idon dai yana nan.

"Hilda, na zo miki da labari mai daɗi. Mun ceci shagon."

"Na ji." Maganar tana fita da ja, sai ka saurara. "Matso kusa, Audrey. Hannu ɗaya gare ni yanzu, ba na so in yi asarar mari."

Na yi dariya, na zaci wasan da muka saba ne. Ta nuna mini durowar gefen gadonta da haɓa. A ciki akwai wata takardar naɗe ƙusa, an ware ta, an yi zane da fensir, kowane layi da awonsa. Shagon ne. Inda fenti yake an sa gado. Ɗakin ajiya na baya ya zama banɗaki mai faffaɗar ƙofa. An cire dakalin bakin ƙofa an sa gangare. Gadon yana fuskantar babbar taga.

"Likitoci sun ce ba ni ba komawa gida sai da ɗaki a ƙasa da banɗaki," ta ce. "Benen nan ko kujerar lantarki ba ta hawansa, an zo an duba. To ina kike so a ajiye ni? A kan kanta, da farashi a goshi?"

"Me ya hana shi faɗa? Layi ɗaya kawai zai rubuta."

"Ni na hana shi. Takardun nan kowa yana iya zuwa ya karanta, ba ga shi kin je ba? In bari Titin Gada ya karanta cewa Hilda Garbutt sai an ɗora ta a kan masai? Na ce masa in ya rubuta sai na tashi na shaƙe shi." Ta huta. "Ke kuma me ya hana ki tambaya?"

Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

"Gida nake so, Audrey," ta ce, ta juya kai. "Tagar nan bangon wurin ajiye motoci take kallo. Wata biyar ban ga wanda na sani ya wuce ba."

Kafin in tafi ta ce in faɗa wa wanda zan faɗa wa, tunda rufin asirin bai tsinana mata komai ba. Washegari ina ofishin tsara gari tun kafin a buɗe. Jami'ar da ke riƙe da takardun, Mis Tindall, yarinya ce mai kirki, na koyar da uwarta. Na ce na zo janye sa hannun gaba ɗaya.

"Ki janye, Misis Pickersgill, amma abin da wasiƙun suka nuna sun riga sun nuna, cewa shagon yana ciniki. Kuma izini na gini ne, ba na mutum ba. Ana duba rashin lafiya, sai dai ba ta da nauyi sosai, don mai ciwon yakan wuce, ginin ya zauna a matsayin gida har abada. Hanya ɗaya ce. Ya rufe, ya ba dillali, a yi wata goma sha biyu ana neman mai son wurin a matsayin shago. In ba a samu ba, ya dawo ya sake neman izini."

"Wata goma sha biyu? Wane marar tausayi ne ya kawo wannan shirmen?"

Ta buɗe wani tsohon fayil ta juyo mini shi. Wasiƙar ƙungiyarmu ce ta shekara takwas baya, muna roƙon a sa wannan sharaɗi. Sa hannuna ne a ƙasa, da ɗan layin da nake ja a ƙarƙashinsa.

Cikin Satumba Selwyn ya rufe. Ya karyar da kayan, dillali ya kafa allonsa a saman ƙofa. Durowoyin ne kawai ya bari a bango, wofi. Ya ɗauko alli ya zana gadon a ƙasa, da ƙofar banɗakin, da inda keke zai juya. Kafa gadon gaske ba dama, sai ya zama ya karya doka.

Mu kuma muka koma wani aikin. Ni da na shekara ashirin ina yabon Kelderwick a kowane taro, na zama mai ɓata mata suna. Da mun hango baƙo tsaye yana kallon allon dillali, Clive zai bar kan mutum rabi a aske ya fito. Ya ce wa wata mai son sayar da kyandir, "Hunturu? Baiwar Allah, nan ko kare ba ya wucewa." Na ce wa wani mai wayoyi kogi yana shigowa har kanta. Cikin wata takwas mun kori mutum biyar, kuma ban taɓa jin daɗin ƙarya haka ba.

Sau ɗaya a wata ana kawo Hilda a mota ta yi awa guda. Selwyn ya tura kekenta har tsakiyar zanen allin, ya saita ta da taga. Nan take bakinta zai dawo. "Garbutt, waccan ba 'yar gidan Metcalfe ba ce? Ciki gare ta ko tuwon dankali ne?" Ƙarfe huɗu direba ya yi oda. Ba ta waiwaya in ana fita da ita. Shi kuma ya share inda tayoyin suka goge, ya durƙusa ya sake zanawa.

A wata na tara wasu matasa suka zo, Rhona Birtle da mijinta, masu gasa burodi. Na tare su tun a gada na ce ɗakin ƙarƙashin ƙasa na lamba tara yana cika da ruwa duk shekara. Suka gode, suka shiga da dillali, na bi su ciki ba wanda ya gayyace ni. Rhona ta zaga, ta shafa durowoyin, ta tsallake zanen allin a hankali ba ta san ko na mene ne ba.

"Mista Garbutt, an ce mana ɗakin ƙasa yana shan ruwa. Gaskiya ne?"

Na kafe shi da ido. Clive yana bakin ƙofa yana tarin da ba shi da shi. Selwyn ya ciro fensirinsa ya duba, ya mayar.

"Bai taɓa ba. Babana ya shafe shi da kwalta shekarar da aka haife ni. Ko a ƙasa kika ajiye fulawa ba abin da zai same ta."

Da suka fita na rufe ƙofa na juyo kansa. "Kai wane irin mutum ne, Selwyn? Saura wata uku. Uhm ɗin nan naka kawai za ka yi, ka yi shiru."

"Ta tambaye ni, Audrey." Tunda muke bai taɓa kiran sunana haka ba. "Ta tambaye ni."

Suka yi tayi, dillali ya rubuta, don dole ne ya rubuta. Na je na gaya wa Rhona komai, ta yi kuka ta ce za su fasa. Mis Tindall ta ce ko sun fasa tayin ya shiga fayil, ya nuna akwai mai son wurin. Sai dai ɗaukaka ƙara, wata shekara ko fiye. Hilda ce ta yanke maganar, ina zaune.

"Ba ni da wata shekarar da zan ba kwamiti. Garbutt, shekararka tamanin ba ɗaya, kana hawa bas huɗu kullum, ka zama kamar tsinken tsintsiya. Tunda ni ba zan je ba, kai ka zo."

Selwyn ya ce to.

Ya sayar wa su Rhona ginin gaba ɗaya. Ya bar Titin Gada da akwati biyu, ya ƙi a raka shi tasha. Gidan tsofaffin ba su da ɗakin ma'aurata, sai suka ba shi ɗaki a layinta, ƙofa uku tsakani. Yanzu shi ke ɗaure birkin kekunansu, ma'aikatan suna hana shi yana yi.

Burodin Rhona yana da daɗi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ranar Asabar layi har bakin coci. Titin ya farfaɗo, jaridar yanki ta yaba wa ƙungiyarmu, ni kuma na ajiye sakatariya a makon.

Hilda ba ta ce ta yafe mini ba, ta dai ba ni aiki. Su Rhona sun sa ƙaramin teburin shan shayi a jikin babbar taga, daidai inda zanen allin yake. Kowace Juma'a, daga goma zuwa sha biyu, ina zama a nan da littafi ina rubuta duk wanda ya wuce. Lahadi in hau bas biyu in karanta mata.

Lahadin da ta wuce mutum talatin da ɗaya na kawo. Huɗu ta sani. Selwyn yana gefenta, ya ɗora hannunsa a kan hannunta da ba ya ji.

"Sauran su wane ne?"

"Baƙi ne, Hilda. Masu hutu."

"Bar su. Sake karanto mini huɗun nan, a hankali. Clive ina ya nufa, gada ko coci?"

"Gada."

"Wajen bazawarar nan za shi, tsohon banza. Wace riga ya sa?"

"Ban rubuta ba."

"Shekara talatin kina sa ido a kan 'ya'yan mutane, ba ki iya kallo ba." Ta rufe ido. Na zaci barci ya ɗauke ta, na fara haɗa jakata.

Sai Selwyn ya ce, "Rana ta shigo tagar kafin ki tashi?"

"Ta shigo. Wajen sha ɗaya da rabi."

"Har ina ta kai?"

"Ta wuce teburin kaɗan."

Ya gyara mata bargon gwiwa.

"Da a kan ƙafafunta za ta sauka," ya ce. "Kullum ƙafafun nan sanyi suke yi."